Wutar da Tamfol Ya Rufe

Ranar da Harisu ya yi niyyar komawa aiki, motar ta ƙi tashi.

Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake loda wa awaki da buhunan hatsi, mutane kuma su hau sama. Da ita yake cin kasuwannin Ɗan Gulbi da Korahane da Bader Goula tun yana saurayi. Tun rasuwar matarsa Hamdiya bai sake fita aiki da ita ba. Tana nan ƙofar gidansu a Dakoro, rufe da tamfol, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Sai da aka yi sadakar arba'in sannan ya je ya karɓo batir daga wurin masu caji, ya ɗaura da yamma, ya murɗa makulli, ta tashi lafiya lau. Ya kashe ta, ya mayar da tamfol, ya sa makulli a aljihu. Da gari ya waye ya murɗa, ko tari ba ta yi ba.

Ya zauna riƙe da sitiyari, bai motsa ba. Haka ta yi wancan karon.

Cikin Hamdiya na fari ne, don haka da ya tsufa aka kai ta goyon ciki gidan iyayenta, wata tunga da ake kira Gidan Samba, can bayan Korahane, inda ba mota sai amalanken shanu. Hankalin Harisu bai kwanta ba. Amma ina shi ina zuwa ya tare a ƙofar surukai yana jiran haihuwar ɗan fari? Ai da an shekara ana ba da labarinsa a bakin rijiya. Sai ya tura ƙanensa Yazidu da motar, ya ce ya je ya zauna can kamar wanda ya zo gaisuwa, in abu ya yi wuya ya ɗauko ta zuwa likita. Ya ja mashi kunne a kan abu biyu. Ya ce ya rufe motar da tamfol saboda ranar bazara, kuma kada ya yarda ƴan ƙauye su jona wayoyinsu a batir, don ya san halinsu, in mota ta shiga tunga kowa sai ya fito da waya a hannu.

Abu kuwa ya yi wuya. Yazidu ya yaye tamfol, ya murɗa makulli, shiru. Maza suka taru suka tura, amma rairayin Gidan Samba ba ya sakin taya. Aka ɗaura shanu a amalanke. Hamdiya ta cika a hanya, ana hango rufin likitar Korahane, ɗan asibitin garin, ita da abin da ke cikinta.

A zaman makoki, gaban liman da surukai da maƙwabta, Harisu ya dubi ƙanensa ya ce, "Ka shanye batir wajen cajin wayar ƴanmata. Kai ka kashe ta." Yazidu ya rantse da Allah ko waya ɗaya bai jona ba, har tasa ma a kashe take. Tun daga ranar, in wannan ya shigo gida wancan ya fita.

Yana nan zaune cikin motar sai mahaifiyarsu Dela ta leƙo daga zaure, da ƙwarya a hannu. Ba ta kiran sunansa, shi ne ɗanta na fari.

"Babba, ta ƙiya?"

"Ta ƙiya, Inna."

Ta ɗan tsaya tana duban motar. "To yau kuma wa ya sha batir ɗin?"

Ya zare makulli ya sauko.

"Ɗan'uwanka ya ɗaure kaya," in ji ta. "Yau bayan la'asar kaminyonsu zai tashi. Jado za su, haƙar zinariya. Waɗanda suka tahi bara, nawa ka ga sun komo? Ga damina ta matso, gona na jiran hannu."

"Ni ban kore shi ba."

"Hannunka bai kore shi ba. Ni dai na hwaɗa maka."

Ta juya ta shiga. Harisu ya roƙi wani direba maƙwabcinsa ya jona mashi wuta daga batir ɗin motarsa, motar ta tashi, ya nufi wurin Baba Ango.

Ango mai gyaran wutar mota ne, abokin marigayi mahaifinsu. Garejinsa ba wani gareji ba ne, inuwar bishiyar bedi ce da benci da akwatin ƙarfe, sai tukunyar shayi da ba ta sauka daga kan gawayi. Tabaransa ma da wayar mota ya ɗaure ƙafarsa ɗaya. Harisu ya tarar yana fama da motar wani mai dabbobi, dole ya zauna a benci ya jira. Sai da aka yi sallar azahar aka dawo sannan aka zo kansa.

"Ya ƙarin haƙuri, ɗana?"

"Da godiya, Baba."

"Allah ya jiƙan ta, ya sa ta huta. To mi ke damun tsohuwar? Ni da ita tare muka tsuhwa, ciwonmu ɗaya, ba mu son tashi da sahe."

"Batir take sha. Jiya na ɗaura shi cike, yau ba komi."

"Wa ya kwana cikinta?"

"Ba kowa. Makulli na aljihuna."

"Ka bar hitila kunne?"

"Na duba, Baba. Komi a kashe yake."

"Haka kowa ke cewa. Ku direbobi, in kun yi ɓarna aljani ne, in kun yi daidai ku ne." Ya buɗe gaban motar. "Bari mu hwara da mai ciyar da batir, kada mu zargi ɓarawo alhali tukunya ce ba ta dahuwa."

Ya sauke batir ɗin Harisu, ya ɗaura nasa na gwaji. Suka tayar da inji, ya auna dinamo, ya ce lafiyarsa ƙalau, yana ba da wuta kamar saurayi. Ya sa Harisu ya kashe, ya zare makulli ya riƙe a hannu. Sannan ya kwance kan batir ɗaya, ya ɗaga shi, ya sake taɓawa a hankali. Tartsatsi ya yi tsalle, ƙyas.

"Ka gani? Makulli na hannunka amma wuta na tahiya. Akwai ɓarawo cikin gida. Zo riƙe nan, ka dinga taɓawa in na ce."

Ya zagaya ya buɗe ɗan akwatin fuzibil, waɗannan ƴan ƙananan abubuwa masu launi-launi da kowace wuta ta mota ke bi ta cikin nata. Ya zare ɗaya.

"Taɓa."

"Yana nan."

Ya mayar, ya zare wani. Yana nan. Haka suka yi ta yi, Ango na zarewa yana ba kowane fuzibil haƙuri a kan zargin da ya yi mashi, har ya zare wani ja.

"Taɓa."

Harisu ya taɓa. Ya sake taɓawa. "Ya daina."

"Alhamdu lillahi, mun kama shi. Wanga na wutar birki ne."

"Birki? Ai ba wanda ya taka birki."

"Zo ka gaya mata da bakinka."

Ya mayar da fuzibil ɗin, suka zagaya bayan motar. Fitilun baya sun sha busasshen taɓo da kashin awaki, ga rana tsaka tana dukan su, ido ba ya ganin komi. Ango ya goge ɗaya da gefen rigarsa, ya cire hularsa ya yi mata inuwa. A cikin inuwar hular, ja ne, yana ci shiru.

"Sa hannu."

Harisu ya ɗora tafin hannunsa. Da zafi, ba irin zafin rana ba.

"Da rana ba mai ganin ta," in ji Ango. "Da dare kuwa kowa zai gani, har makaho sai ya ji ɗuminta. Kai jiya ina idonka yake?"

"Na ruhe ta da tamfol."

"To ka ji. Ka yi wa ɓarawo lulluɓi da hannunka." Ya yi dariya shi kaɗai, bai dubi fuskar Harisu ba. "Tsaya nan, ka riƙe mata hular. Abu uku ne, ko waya ta goge ta haɗu da wata, ko makunni ya maƙale, ko ƴar roba. Ni na sa ƙuri'ata kan ƴar roba."

Ya buɗe ƙofar direba, ya kwanta rigingine, rabin jikinsa a waje, kansa a ƙarƙashin sitiyari, yana nishi yana cewa ƙugun nan nasa ba zai yafe wa direbobin Dakoro ba. Ya haska da fitilar wayarsa. Daga can ƙasa muryarsa ta fito.

"Yanzu hwa?"

Jan ya ɓace daga cikin hular. "Ta ɗauke."

"Yanzu?"

"Ta kama."

"Yatsana ne ke yi. Waya lahiya, makunni lahiya. Taho ka gani, ko ka ƙaru."

Harisu ya durƙusa kusa da shi. Ango ya nuna mashi saman ƙarfen da ake takawa, can ciki inda ido ba ya zuwa sai da dalili.

"Ka ga wanga ɗan abu mai hanci? Shi ne makunnin wutar birki. In ka ɗaga ƙahwa, ƙarhen ya komo ya danne hancin, wuta ta ɗauke. In ka taka, ya sake shi, wuta ta kama, na bayanka ya san za ka tsaya. To ba ƙarhen ne ke taɓa hancin ba, wata ƴar roba ce kamar maɓallin riga, tana zaune cikin ramin nan. Zahi ya gasa ta shekara da shekaru, ta bushe, ta ɓarke, ta zube. Yanzu hancin cikin ramin yake shigewa, ba abin da ke danne shi. Ita mota gani take kullum ƙahwarka na bisa birki, ko kana barci, ko kana Makka." Ya lalubi shimfiɗar ƙasa da yatsu. "Ga gawarta ma."

Ya zuba mashi a tafin hannu. Ɓurɓushi ne, rawaya-rawaya mai duhu, bai kai cikin cokalin shayi ba.

Harisu ya san ɓurɓushin nan. Ranar da ya je Gidan Samba da batir na aro a bayan babur don ya ɗauko motar, bayan an yi jana'iza, ya gan shi a daidai nan, ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗauka ƙuli-ƙuli ne. Ya ce a ransa, wato har ciye-ciye aka yi a ciki, ana caji ana hira, matarsa na can tana naƙuda. Da wannan ya dawo Dakoro, da shi ya shiga zaman makoki.

Ya matsa ɓurɓushin da babban yatsa. Bai narke ba, bai yi mai ba. Roba ce.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In ta zube, kwana nawa batir ke kai?"

"Kwana? Yini da dare ya ishe shi. In batir ɗin ya kwana biyu a duniya ma bai kai haka."

"Ko ba a jona komi ba?"

"Ko ba a jona..." Ango ya tsaya. Shi ma yana wurin ranar makoki, a jere na biyu, ya ji abin da aka faɗa. Ya fito da kansa daga ƙarƙashin sitiyari a hankali, ya zauna a ƙasa, ya cire tabaransa. "Tun can ka gan shi?"

"Tun can."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Shayi ya tafasa ya zubo kan gawayi, ba wanda ya tashi.

"Ni na ce ya ruhe ta," in ji Harisu. "Da a buɗe ta kwana, da wani mai zuwa masallaci ya ga ja. Da an cire kan batir. Abin da na ce ya yi, shi ya yi, Baba. Duka biyun."

"Da-na-sani ƙeya ce, ɗana. Kwananta ne ya ƙare. Ba kai ba ne, ba shi ba ne."

"Amma shi na ce ya kashe ta."

Ango ya mayar da tabaransa. Ya miƙe ya jawo wata tsohuwar taya, ya yanko ɗan guntu da wuƙa, ya sassaƙe shi a kan gwiwarsa har ya yi kai da wuya kamar ƙaramin ƙusa. Ya sake kwanciya, ya danna birki da hannu ɗaya, ya cusa wuyan cikin ramin da ɗayan, ya matse da filaya. Ya saki ƙarfen.

"Je ka duba."

Harisu ya zagaya, ya sa hula. Duhu. Ango ya taka, ja. Ya saki, duhu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ɗan guntun taya?"

"Shi ke nan, Harisu."

Harisu ya jingina goshinsa da bayan motar. Tun ranar da aka kira shi a waya bai yi kuka ba, fushi ya tare wurin. Yanzu ya zo mashi ba sallama, kafaɗunsa suka yi ta rawa. Ango ya juya baya yana ta goge filayar da ba ta da datti.

Can aka kira la'asar.

"Batir ɗinka sai ya kwana caji, nawa kuma ba ya barin gida," in ji Ango, bai juyo ba. "Bar ta nan, ba mai sace tsohuwa. Na ji yau kaminyon Jado ke tashi da ƙanenka. Ga kabu-kabu can. Ka yi sallarka a tasha."

Da mai babur ya sauke shi, an riga an sallame salla, matafiya na hawa. Kaminyon, babbar motar kaya, ya cika ya yi tozo, jarkokin ruwa naɗe da buhu suna rataye ta ko'ina, samari a sama sun sha rawani sun zuro ƙafafu. Ƴan rakiya da masu talla da ƴan kamasho sun cika wurin. Wani ɗan kamasho da ya san shi ya ɗaga murya.

"A'a, Harisu! Kai ma zinariyar ce? An gaji da warin awaki?"

Bai ji shi ba. Ya zagaya kaminyon yana duban ƙafafu, har ya ga takalman da ya sani, nasa ne tsofaffi da ya bar wa ƙanensa bara.

"Yazidu."

Saurayin ya sunkuyo. Ya rame, idanunsa kaɗai suka rage a cikin rawanin. Ya dube shi, ya kau da kai.

"Yazidu, sauko mu yi magana."

"Ina jin ka daga nan, Yaya."

Harisu ya buɗe hannunsa, ya ɗaga sama. Gumi ya manne ɓurɓushin a tafinsa. "Wutar birki ce. Wata ƴar roba ce ta zube, wutar ta yi ta ci ƙarƙashin tamfol. Yanzu Baba Ango ya nuna mani. Ba ka jona komi ba."

"Na hwaɗa maka."

"Ka hwaɗa."

"Na rantse maka da Allah, Yaya. Gaban liman."

Waɗanda ke kusa sun kasa kunne, har ɗan kamashon. Harisu ya dubi mutanen. Da yawansu sun zo gaisuwar makoki. Ya juya ya fuskance su, ya ɗaga murya yadda bai taɓa ɗagawa ba, har da sunan matarsa da bai saba furtawa a bainar jama'a ba.

"Jama'a, ku shaida. Na ce ƙanena ya kashe Hamdiya. Ƙarya na yi mashi. Gaban mutane na hwaɗa, gaban mutane nake janyewa. Bai da laihi ko ƙwayar gero. Yazidu, ka yahe mani don Allah."

Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce, "Madalla. Yaro, sauko ka bi wanka gida."

Yazidu bai motsa ba. Hawaye na shiga cikin rawaninsa.

"Na yahe maka tun ranar," ya ce. "Ba kai nake gudu ba. Ni na riƙe kanta bisa amalanke, Yaya. Tana ce mani, Yazidu, ba motar? Ina ce mata ga mu nan, mun kusa. Kullum na ga motar nan ƙohwar gida sai in ji muryarta." Ya share fuska da gefen rawani. "Kuma yanzu ka ce wuta ce ke ci. Nan kusa da motar na kwana, bisa tabarma. Da na ɗaga tamfol sau ɗaya..."

"Ni na ce ka ruhe."

"Ni na ruhe."

"In sayar da ita. Gobe in sayar da ita, wallahi. Sauko."

Direban ya danna ham. Inji ya ɗauka, kaminyon ya girgiza, samarin sama suka riƙe igiyoyi. Harisu ya kama ƙafar ƙanensa da hannu biyu, kamar zai iya riƙe kaminyon da ita. Yazidu ya sunkuyo iya sunkuyawa, ya ɗora hannunsa a kan na wansa, ya bar shi nan ɗan lokaci, sannan ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ce wa Inna mun yi magana. In na samu wurin da waya ke kamawa, kai zan hwara kira."

Harisu ya bi gefen kaminyon yana tafiya, sannan yana sassarfa, har bakin tasha inda hanya ta miƙe arewa. Nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya nemi buta ya yi la'asar ɗinsa a gefen rumfar masu shayi.

Da ƙafa ya koma gida. Ya tarar da Dela a bakin murhu, ruwan tuwo na tafasa, ta auno gari a ƙwarya ta ajiye gefe. Ba ta ɗago ba.

"Kun yi magana?"

"Mun yi, Inna."

Ta dubi bayansa, wajen zaure. Ta jira. Kaza ce kawai ta shigo.

Ta jawo ƙwaryar, ta sa hannu ta ɗebi garin, ta mayar da shi cikin buhu.